Daga Ayarin Tarabulus Zuwa Masana'antar Aba: Ƙamshin Wardi da Sabulun Kanti a Ƙasar Hausa

Tsakure

Furen wardi ba ya cikin tsirran da Bahaushe ya gada a gonarsa, amma sunansa da ƙamshinsa sun daɗe a bakinsa da jikin tufafinsa. Wannan maƙala ta bi sawun hanyoyi biyu da ƙamshin ya biyo ya iso ƙasar Hausa. Ta farko ita ce hanyar Sahara, wadda ta kawo tataccen man wardi mai tsadar gaske ga sarakuna da attajirai. Ta biyu ita ce hanyar teku da jirgin ƙasa, wadda ta kawo sabulun kanti da hoda da ƙananan kwalaben turare ga kowa da kowa. An ɗauki tarihin kamfanin Cussons na Ingila da na Paterson Zochonis, waɗanda suka haɗe a 1975, domin nuna yadda hanya ta biyu ta ginu. Maƙalar na ganin cewa sauƙin farashin da hanya ta biyu ta kawo ya samu ne saboda an raba ƙamshin da furen, kuma tsofaffin kwalabe da takardun naɗe sabulu su ne shaidar da ta rage ta wannan sauyi.

Fitilun Kalmomi: wardi, turare, sabulu, fatauci, Cussons, PZ, Kano

1.0 Gabatarwa

Harshen Hausa yana da yalwar kalmomi na abin da hanci ke ƙi. Akwai wari da ɗoyi, akwai ƙarni na kifi ko jini, da ƙauri na abin da ya ƙone, da zarni na fitsari, da hamami na bunsuru, da bashi na abincin da ya kwana. A ɓangaren abin da hanci ke so kuwa, kalma ɗaya ce ke ɗauke da kusan dukkan nauyin, wato ƙamshi. Idan Bahaushe ya so ya bambance wani ƙamshi daga wani, sai ya jingina shi ga abin da ya fito daga gare shi: ƙamshin almiski, ƙamshin jawul, ƙamshin sandal, ƙamshin wardi. Abin lura shi ne, mafi yawan waɗannan sunaye baƙi ne. Almiski da ambar da kafur da lubban da za'afaran da wardi duk daga Larabci suka shigo, haka ma kalmar sabulu, wadda ke komawa ga sabun. Ke nan jerin sunayen turarukan Bahaushe jerin kayan fatauci ne, kuma duk wanda ya bi diddiginsu zai tarar da kansa a kan hanyoyin ayari.

Masana tarihi a wasu sassan duniya sun daɗe da mayar da hanci abin nazari. Alain Corbin ya fitar da littafinsa kan wari da ƙamshi a zamantakewar Faransa a 1982. Timothy Burke ya rubuta Lifebuoy Men, Lux Women a 1996, inda ya bi tarihin sabulu da man shafawa a Zimbabuwe. Anne McClintock kuwa, a 1995, ta ɗauki sunan wani sabulu sukutum, Imperial Leather, ta sanya wa littafinta kan mulkin mallaka. Wannan sabulun dai shi ne wanda ake sayarwa katan-katan a kasuwar Singa ta Kano, kuma ya sha shiga akwatin lefe. Nazarin Hausa ya ba ido da kunne haƙƙinsu ta fuskar tufafi da gine-gine da waƙa da kiɗa. Hanci ne har yanzu yake bin bashi.

2.0 Wardi a Kan Raƙumi

A watan Fabrairu na 1851, a zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Dabo, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano. Cikin abubuwan da ya bari masu amfani har da ƙiyasin kayan da ke shiga birnin da waɗanda ke fita a shekara. Ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a kan wuri miliyan 300. A jerin kayan da ke shigowa daga arewa ya ambaci lubban da jawul da kanumfari da makamantansu, ya yi musu kuɗi kimanin wuri miliyan 15. Sannan ya ware man wardi daban, ya ce shi kaɗai zai kai wuri miliyan 40. A lokacin ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500, wato man wardin da ke shiga Kano a shekara ya kai na dala 16,000. Ya ƙara da wani bayani da ya fi adadin muhimmanci: kaɗan ne daga cikin man yake fitowa kasuwa, domin galibinsa a cikin gida ake sayar wa sarakuna da manyan mutane, ko a kai musu shi gaisuwa.

Ƙiyasin Barth ƙiyasin baƙo ne da ya yi 'yan makonni a gari, kuma ba a ɗaukarsa kamar lissafin ma'aji. Duk da haka ya nuna matsayin abin. Man wardi ya ninka sauran kayan ƙamshi gaba ɗaya fiye da sau biyu a daraja, alhali wanda ya zaga kasuwar Kurmi da ƙyar zai gan shi a faifai. Kaya ne na zaure da fada, irin wanda fatake Larabawan Gadamas da Tarabulus, mazauna unguwanni irin su Dandalin Turawa, ke buɗe ƙofar mai mulki da shi. Ga ɗan ayari kuwa, babu kayan da ya fi shi daɗin ɗauka: 'yar kwalbar da za a soke a aljihu tana iya fin kayan raƙumi guda kuɗi, kuma ba ta ruɓewa a tafiyar watanni.

Dalilin tsadar yana cikin furen. Nau'in da ake tatsa shi ne wanda masana tsirrai ke kira Rosa damascena, wato wardin Dimashƙa. Sau ɗaya yake fure a shekara, na 'yan makonni, kuma da hannu ake tsinkarsa tun da asuba, domin da rana ta ɗaga man da ke cikinsa yake fara tashi. Ana zuba furen a tukunyar tagulla da ruwa, a hura wuta, tururin ya bi ta bututu ya huce ya koma ruwa, sai ɗan man ya taso a sama a kwalfe shi. Kafin a samu kilo ɗaya na man sai an dafa fure kilo 3,000 zuwa 4,000. Ruwan da ya rage shi ne ruwan wardi, wanda ake sawa a abinci da magani. Wannan sana'a ta bunƙasa a hannun masanan daular Abbasiyya. Tun a ƙarni na 9 Alkindi ya rubuta littafi kan haɗa turare da tatsarsa. A ƙarni na 19 babbar cibiyar man ita ce kwarin Kazanlak a Bulgeriya ta yau, wadda ke ƙarƙashin daular Usmaniyya har 1878, kuma Tarabulus ma ta koma hannun Usmaniyya kai tsaye tun 1835. A yau ana tatsarsa a Isparta ta Turkiyya, da Kashan ta Iran, da Kannauj ta Indiya, da Ɗa'ifa ta Saudiyya, inda ake samun ruwan wardin da ake gaurayawa da zamzam wajen wanke Ka'aba.

Akwai wata alama da masu saye ke gane na ƙwarai da ita. Tataccen man wardi yana ɗauke da wani irin kaki na halitta, saboda haka idan aka yi sanyi sai ya daskare kamar man shanu, a ɗumama kwalbar a tafin hannu ya narke. Mai algus ya san da haka. Tun a ƙarni na 19 ake sirka man da na wata ciyawa ta Indiya mai suna falmarosa, 'yar'uwar tsauri, ko da man jiraniyam, a kuma ƙara masa kaki don ya daskare. Algus a harkar turare ya girmi masana'antu nesa ba kusa ba.

A gefe guda, kalmar jawul ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Asalinta jawi ne a Larabci, wato na Jawa, sunan da Larabawa ke kiran tsibiran kudu maso gabashin Asiya da shi, domin ƙaron daga Sumatara yake fitowa. Ashe tun kafin Bature ya taka Kano, hayaƙin da ke tashi a kaskon turaren matan birni yana haɗa su da tsibiran Indunusiya. Za a sake cin karo da wannan yanki a ƙarshen labarin sabulu.

3.0 Sabulun da Bature Ya Tarar

Bature bai koya wa Bahaushe wanka ba, duk da abin da tallace-tallacen zamanin mulkin mallaka ke son nunawa. Akwai sabulun salo, wanda ake yi da ruwan toka da man kaɗe ko alayyadi, a dafa har ya kama jikinsa. Nufawa da Yarabawa sun shahara da shi, kuma fatake na yawo da shi. Akwai garin magarya, wanda sunna ta tabbatar a wankan gawa tare da kafur. Akwai ɓawo da saiwar aduwa masu kumfa, ga kanwa da toka a wajen wanki.

Amma a tsarin gargajiya, tsafta aiki ɗaya ce, ƙamshi kuma wani aikin ne daban da ke biyo baya. Sabulun salo yana fitar da dauɗa, ba ya barin ƙamshi. Bayan wanka ne ake zuwa ga kasko da garwashi, a turara jiki da tufafi da haɗin kajiji da farce da hawi da sandal, a shafa jibda ko humra. Abin da sabulun kanti ya zo da shi sabo shi ne cusa ayyukan nan biyu cikin dunƙule ɗaya.

4.0 Gida Biyu, Sabulu Ɗaya

4.1 Paterson Zochonis

George Paterson, mutumin Sikotilan, da George Zochonis, Bagirke, sun haɗu ne suna aiki a wani kamfanin ciniki a Firitawun ta Saliyo. A 1879 suka buɗe nasu, suka yi masa rajista a 1884, suka kafa ofis a Manchesta. Cinikinsu irin na sauran kamfanonin gaɓar teku ne: su sayi manja da ƙwarar kwakwa da fatu da ƙiraga, su kawo atamfa da akoko da tarkacen kanti. Manjan da ke tafiya Ingila, masana'antun sabulu ne manyan masu sayensa, musamman bayan da gwamnatin Birtaniya ta soke harajin sabulu a 1853, aka kuma samu hanyar yin soda da araha. William Lever ya fitar da Sunlight a 1884. Ke nan mai yana fita daga Afirka ta Yamma a ganga, ya dawo a kwali da suna da tambari.

Kamfanin ya buɗe reshe a Legas a 1899. Shekarar 1911 kuwa ta zo wa Kano da abubuwa biyu a lokaci guda: layin dogo ya iso daga kudu, Italiya kuma ta afka wa Tarabulus. Cinikin Sahara, wanda Marion Johnson ta nuna a maƙalarta ta 1976 cewa yana da sauran ƙarfi har bayan 1880, ya durƙushe. Daga 1912 cinikin gyaɗa ya ɓarke, kamar yadda Jan Hogendorn ya yi bayani, kuɗi suka shiga hannun manomi, kamfanonin Turawa suka jera kantuna kusa da tashoshin jirgi. Har gobe akwai unguwa a Sabon Garin Zariya da ake kira PZ, ko da yake da yawa daga masu hawa mota zuwa can ba su san cewa haruffan sunayen wasu fatake biyu ne ba.

Daga sayar da sabulun wasu, kamfanin ya koma yin nasa. A 1948 ya mallaki wata masana'antar sabulu a Aba, a tsakiyar ƙasar manja. Kamfanin Lever ya riga shi, domin tun a shekarun 1920 ya kafa tasa a Apapa. Daga wannan tushe na Aba ne sunaye irin su Premier da Joy da Canoe suka fito daga baya.

4.2 Cussons

Gida na biyu bai san Afirka ba a farkonsa. Thomas Tomlinson Cussons mai kantin magani ne a arewacin Ingila. Ɗansa Alexander Tom Cussons, wanda aka haifa a 1875 ya rasu a 1951, shi ne ya mayar da harkar masana'anta, ya kafa ta a Kersal Vale da ke Salfod, kusa da Manchesta, a harabar wata tsohuwar masana'antar wanke yadi. A 1921 ya sayi wani tsohon gidan turare na Landan mai suna Bayleys, kuma a cikin abin da ya gada daga gidan har da wani haɗin ƙamshi da ake jinginawa ga fatar Rasha.

Labarin da kamfanin ke bayarwa shi ne wai a 1768 wani basaraken Rasha, Orlof, ya nemi Bayleys su haɗa masa turare mai ƙamshin fatar ƙasarsu. Irin wannan labari kowane tsohon gidan turare yana da nasa, kuma ya fi kusa da kirari a kan tarihi. Abin da yake tabbas shi ne fatar Rasha tana da ƙamshi na daban, saboda majemansu na shafa mata man da ake tatsa daga ɓawon wata bishiya ta ƙasashen sanyi. Mai karatu Bahaushe zai tuna da tasa fatar: jar akuyar Sakkwato da aka jeme da bagaruwa, ta ƙetare Sahara, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don a can suka tarar da ita. A kasuwar kayan ƙawa, sunan ƙasa ma haja ne.

A shekarun 1930 Cussons ya sa wannan ƙamshi a sabulu ya kira shi Imperial Leather. Yaƙin Duniya na Biyu ya taimake shi: daga 1942 zuwa 1950 ana rabon sabulu da kati a Birtaniya, sai kamfanin ya riƙa tallar cewa nasa ya fi jimawa bai ƙare ba. 'Yar takardar nan da ke manne a tsakiyar sabulun, an yi ta ne don a kifa shi a kanta kada ya jiƙe ya narke. A gefen wannan, gidan ya fitar da jerin sabulai masu sunayen furanni, irin su Apple Blossom da Lilac Blossom da Linden Blossom da Blue Hyacinth. Shi kansa Tom Cussons mutum ne mai son furanni da kifayen ado, har hotunansu suka riƙa fitowa a tallace-tallacensa. Wajajen 1960 wani gidan renon furanni na Notingam, Gregory, ya fitar da sabon irin wardi ja mai ƙarfin ƙamshi, ya sa masa suna Wendy Cussons, sunan wata mata daga iyalin.

A 1975 Paterson Zochonis ya sayi Cussons, a 2002 kuma aka haɗe sunayen ya zama PZ Cussons. Yadda cinikin ya kasance abin lura ne: kamfanin da ya yi arzikinsa a kasuwannin Afirka ta Yamma shi ne ya sayi na Ingila.

5.0 Yadda Aka Raba Ƙamshi da Fure

Tambayar da ta rage ita ce: ta yaya ƙamshin da a 1851 sai sarki, ya zama abin da mai jego ke samu sinƙi-sinƙi a kayan barka? Ko ba a gwada ba, an san linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Babu mai zuba man Kazanlak a sabulun da za a sayar wa talaka. Ban da tsada ma, sabulu wuri ne mai wuyar zama ga turare. Ana yinsa ne ta haɗa mai da soda, kuma kaifin sodar yana cinye wasu sinadaran ƙamshi, yana sauya launin wasu. Turaren da ake sawa bai wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na nauyin sabulun ba, kuma dole ya jure zaman watanni a sito.

Masana kimiyyar haɗa sinadarai na Jamus da Faransa da Suwizalan ne suka warware matsalar, ta hanyar rarraba man wardi zuwa sassansa. Sun gano cewa mafi yawansa sinadarai ne guda uku, sitronelol da jiraniyol da nerol, kuma ana samun irinsu da araha a jikin jiraniyam da ciyayi dangin tsauri. Akwai na huɗu, feniletil, wanda ke narkewa a ruwa, shi ya sa yake zama a ruwan wardi maimakon ya bi man; wannan ne dalilin da ya sa ruwan wardi ya fi man kama da ɗanyen fure a hanci. Daga 1903 aka samu hanyar haɗa shi a ɗakin gwaji. Da waɗannan kaɗai mai haɗa turare zai iya gina abin da kowa zai shaƙa ya ce wardi ne, ba tare da an tsinki fure ko ɗaya ba.

Manyan turarukan wardi na Turai da masu tara tsofaffin kwalabe ke nema a yau, 'ya'yan wannan zamani ne. La Rose Jacqueminot da François Coty ya fitar a 1904 ya yi suna ne saboda ya gauraya man fure na gaske da sababbin sinadarai. Joy na gidan Jean Patou, na 1930, ya bi ta ɗaya gefen, ya cika kwalba da wardi da yasmin na ainihi har aka riƙa tallarsa a matsayin turaren da ya fi kowanne tsada. Ba shi da wata dangantaka da sabulun Joy na Nijeriya sai ta suna. Daga baya aka gano cewa sirrin wardi yana cikin wasu sinadarai da ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na man ba. An gano ɗaya a 1959, aka bayyana wani a 1970 aka sa masa suna damasinon, daga sunan Dimashƙa. Nahema na gidan Guerlain, na 1979, yana cikin na farko da suka yi amfani da dangin wannan sinadari da yawa. Saboda haka wardin sabulun 1950 da na 1990 ba ƙamshi ɗaya ba ne, ko da sunan da ke jikin kwali bai sauya ba.

A nan ne kasuwar Hausa ta nuna nata ra'ayin. Turaren Turai a cikin sinadarin barasa ake narka shi don ya fesu ya tashi da sauri. Malamai sun yi saɓani kan tsarkin irin wannan, kuma mutane da yawa sun zaɓi su kauce masa a tufafin salla da likkafani. Ga kuma zafi, wanda ke kore turaren barasa kafin a isa masallaci. Abin da Bahaushe ya saba da shi tun zamanin ayari shi ne turaren mai, wanda ake ɗigawa a shafa, ya kama riga ya kwana. Kamfanin da ya fahimci haka shi ne W. J. Bush na Landan. Wakilinsa Eric Burgess ya je Sudan a 1919, aka ba shi samfurin haɗin da mutanen can ke so, a 1920 aka fitar da Bint el Sudan, turaren mai marar barasa a 'yar siririyar kwalba. Alhazan da ke bin hanyar ƙasa ta Sudan zuwa Makka suka yaɗa shi yamma, Hausawa suka mayar da sunan Binta Sudan, daga baya aka koma ɗura shi a Kano, inda kamfanin Gongoni ke yinsa. Ba turaren wardi ba ne, amma ya gaji kwalbar man wardi da yadda ake shafa shi da wuraren da ake shafa shi. Shi da ire-irensa, kamar ɗan goma da ɗan Duwala, su suka shiga kamun amarya da wankan gawa da buƙatun masu magani, wuraren da sabulun kanti bai taɓa shiga ba duk da ƙamshinsa.

Sabulun kanti ya samu nasa gurbin a wani wajen: lefe, da kayan barka, da tsarabar mai zuwa ƙauye, da akwatin ɗalibar makarantar kwana. Bai kori kasko ba. Matar da ta yi wanka da Imperial Leather takan fito ta tsuguna a kan turaren wuta, ta bi da humra. An karɓi baƙon, an ba shi ɗaki, amma ba a ba shi turaka ba.

6.0 Manja Ya Sauya Gida

Kwakwar manja 'yar asalin Afirka ta Yamma ce. A 1848 aka dasa 'yan tsirrai huɗu a lambun Bogor da ke Jawa, a 1917 kuma aka buɗe gonar kasuwanci ta farko a Maleshiya, a Tennamaram ta jihar Selango. Wannan ya isa ya gyara zancen da ake yawan yi a Nijeriya cewa a shekarun 1960 Maleshiya ta zo ta ɗebi iri. Ta riga ta yi kusan rabin ƙarni tana nomansa. Abin da ya faru a shekarun 1960 shi ne ta sha gaban Nijeriya a fitar da man. A yau Indunusiya da Maleshiya ke samar da kusan kashi 85 cikin ɗari na manjan duniya, kuma masana'antun sabulu da dama a Afirka suna sayo gundarin sabulu da aka riga aka dafa daga can, su ƙara launi da turare su buga tambari. Shi kansa PZ Cussons ya haɗa gwiwa da kamfanin Wilmar na Singafo a 2010 don noman kwakwa a jihar Kuros Riba. Yankin da ya aiko da jawul a kan raƙumi, yanzu shi ke aiko da jikin sabulun a kwantena.

Dogaro da kayan waje ya sa faɗuwar darajar naira daga watan Yunin 2023 ta girgiza harkar. A shekarar ce Unilever ya sanar da janyewa daga yin Omo da Sunlight da Lux a Nijeriya, Procter & Gamble ya ce zai daina sarrafa kaya a ƙasar, a 2024 kuma PZ Cussons ya bayyana cewa yana sake duba makomar harkokinsa a Afirka. Duk lokacin da masana'anta ta rufe ko ta sauya hannu, littattafan haɗi da samfuran kwali da hotunan talla su ne farkon abin da ake zubarwa.

7.0 Tsohuwar Kwalba a Matsayin Shaida

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma masu tara turare sun yarda da haka, sai dai ba kowane turare ne ke tsufa da kyau ba. Wanda aka tatsa a cikin man sandal, irin na Kannauj, yakan ƙara zurfi da shekaru. Na barasa kuwa sassansa masu saurin tashi ne ke fara gudu, iska da haske su sa launinsa ya yi duhu, ƙamshin farko ya yi tsami, ko da yake na ƙasa yakan daɗe. Sabulu yakan riƙe ƙamshinsa a ciki ko da bayansa ya bushe.

Darajar tsohuwar kwalba ga mai bincike ta wuce ta marmari. Haɗin turare sirrin kamfani ne, ba a wallafa shi, kuma ana sauya shi a ɓoye idan wani sinadari ya yi tsada ko aka hana shi. Ƙungiyar masu turare ta duniya, IFRA, wadda aka kafa a 1973, ta haramta wasu nau'o'in almiskin haɗi da aka daɗe ana sawa a sabulu, ta kuma taƙaita wani sinadari, metil-yujinol, da ke cikin man wardi na halitta. Wannan na nufin ƙamshin da kakanninmu suka sani da wani suna ba lallai ne ya zama wanda ke cikin kwalba mai wannan suna a yau ba. Waƙa ana iya ɗaukarta a faifai, riga a rataye ta a gidan tarihi. Ƙamshi kuwa sai an samu abin da kansa. Faransawa sun kafa ma'ajiyar turaruka ta Osmothèque a Basai a 1990 saboda wannan dalili, inda ake adana tsofaffin haɗe-haɗe a wuri mai sanyi da duhu.

A ƙasar Hausa irin waɗannan kayan suna nan a ƙasan adaka da bayan jeren kwalla na tsofaffin mata, da rumfunan 'yan turare na Kurmi, kuma yawanci ranar rabon gado ake watsar da su. Gidan Makama a Kano da Gidan Arewa a Kaduna da sassan nazarin Hausa na jami'o'i suna da hurumin tattara su. Kwalbar da ke da sauran ɗigo biyu ta isa a sa a na'urar rarrabe sinadarai a gane ko akwai wardi na gaske a ciki, a kuma kintaci zamaninta daga irin almiskin da aka sa. Takardar jikinta tana faɗin inda aka ɗura, da harsunan da aka yi tallar da su, da yadda hoton ya sauya, kamar yadda aka suturta yarinyar da ke jikin Binta Sudan a bugun da ake sayarwa a Arewa. Mai kayan kuma ita ce za ta faɗi sunan da ake kiransa a unguwarsu, da wanda ya kawo mata shi, da bikin da aka buɗe shi. Wanda zai karɓi irin wannan kwalba kada ya wanke ta, kada ya ɓamɓare takardar, ya toshe bakinta da kyau ya ajiye ta a tsaye nesa da rana, ya rubuta sunan garin da shekarar auren mai ita a wata takarda daban.